Zaɓen rautar gida a Maradi: tambayoyin masu wasa, masu kallo da masu son tsare sirrinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta dawowa daga bakin masu son sa wifi a gida a nan Maradi: magidanta, ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, matasan fada masu buga Free Fire da eFootball, da masu ɗakin PlayStation. An faro daga na farko-farko zuwa masu zurfi, kuma kowace amsa tana iya tsayawa da kanta.

Ita rauta mene ne aikinta? Ita ce ke kawo intanet?

A'a, rabawa take yi. Intanet yana shigowa gida ne ta sim ɗin Airtel, Moov Africa, Zamani ko Niger Telecom, ko ta kebul da kamfani ya jawo maka, ko ta farantin Starlink da ke bisa rufi. Rauta tana karɓar abin da ya shigo, ta watsa shi ga salula, talabijin, kwamfuta da na'urar wasa. Akwatin da ake sa wa sim abu biyu ne a jiki ɗaya: modem mai kama rezo, da rauta mai watsa wifi. Sandunan wifi da kake gani cike a salularka ba su faɗa maka komai game da intanet ba, kusancinka da akwatin kawai suke nunawa.

In na sayi mai tsada, sauri zai ƙaru?

Sai in tsohuwar ce ke riƙe ka, kuma a yawancin gidajenmu ba ita ba ce. Rauta ba ta iya ba ka fiye da abin da ya shigo mata. In layinka megabit 15 yake kawowa a sakan, 15 ɗin nan za a raba, ko nawa ka sayi akwatin. Yana damuna in ga mutum ya zuba kuɗi a kan rauta mai ƙahoni takwas, ya koma gida ya tarar da bidiyo yana tsayawa kamar jiya, alhali rabin kuɗin ya isa ya gyara ainihin matsalar.

Kafin ka taɓa aljihu, yi wannan gwaji. Tsaya kusa da rautar da kake da ita, ka buɗe shafin auna sauri na Speedtest ko fast.com, ka rubuta abin da ka samu da hantsi, ka sake bayan isha'i. Sannan ka koma ɗakin da ka saba zama, ka maimaita. In sakamakon ya yi kyau kusa da rauta amma ya faɗi a ɗaki, matsalar wifi ce, kuma amsarka tana cikin tambayar wurin ajiyewa a ƙasa. In ko'ina ƙasa yake, musamman da dare sa'ad da duk unguwa ta hau rezo, to layin ne ya gaza. Nan kuɗinka ya fi amfani a eriyar waje, ko a sauya kamfani.

Wace iri ce ta dace da ni: mai sim, ta kebul, ko Starlink?

Hanyar da intanet ke shigo maka ita ce ke zaɓa maka rauta. In da sim kake, kana buƙatar rauta mai modem a ciki. Tambaya ta gaba taka ce. In kamfani ya jawo maka fiba ko kebul, zai ba ka akwatinsa, sai ka ƙara taka a bayansa in wifin nasa bai gamsar da kai ba. Ƙaramar wifin aljihu mai batir tana da amfani ga matafiyi, amma ba a yi ta don ta riƙe gida dare da rana ba. Zafi yana kumbura batirinta.

Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar a watan Maris na 2025. Taurarinsa suna yawo ne a tazarar kilomita kusan 550 daga ƙasa, ba kamar tsoffin taurarin sadarwa masu nisan kilomita 35,786 ba, shi ya sa ake iya wasa a kansa. Yana zuwa da rautarsa. Amma ka san abu uku: yana son sararin sama buɗe, ba reshen bedi ko bangon soron maƙwabci a gabansa, ruwan sama mai ƙarfi yana rage masa ƙarfi, kuma babban farantin yana shan wat 75 zuwa 100, ƙaramin mai suna Mini yana shan 25 zuwa 40. Wanda ke kan panno da batir dole ya lissafa wannan tun kafin ya saya.

Rauta mai sim zan saya. Me zan duba a jikin kwalin?

Fara da kalmar Cat da lambar da ke biye da ita. Cat 4 iyakarta megabit 150 a takarda, kuma zango ɗaya, wato hanyar iska ɗaya da turken rezo ke watsawa a kanta, take kamawa a lokaci guda. Cat 6 tana kai 300, tana kuma iya haɗa zango biyu na turken rezo a tare in kamfanin ya tanadi haka, abin da ke taimakawa sosai lokacin cunkoso. Misali a gidan TP-Link: TL-MR6400 Cat 4 ce, wifinta na zangon gigahaz 2.4 kaɗai, kafofin kebul ɗinta megabit 100. Archer MR600 kuwa Cat 6 ce mai wifi biyu, na gigahaz 2.4 da na 5, da kafofin gigabit, wato megabit 1,000. A gidan Huawei, B311 Cat 4 ce, B525 Cat 6. Ga mai wasa ko gida mai mutane da yawa, ni ba na ba da shawarar ƙasa da Cat 6.

Sai ka juya bayan akwatin ka nemi kafofin ɗaura eriyar waje. Ga wanda ke bakin gari, ko Tibiri, Jiratawa da Madarunfa, eriya ɗaya a bisa ƙarfe tana fuskantar turken rezo takan yi abin da sabuwar rauta ba za ta yi ba. A shafin saitin rauta akwai lamba mai suna RSRP: in tana wajen -80 zuwa -90 kana da rezo mai kyau, in ta gangara -110 ko ƙasa da haka eriya kake buƙata. Kebul ɗin eriyar ya zama gajere, don kowace mita tana cin wani abu daga ƙarfin da aka kamo.

Kayanmu da yawa daga Kano da Katsina suke shigowa, to a yi hattara da rauta mai tambarin MTN, Glo ko Airtel ta Najeriya: yawancinsu a kulle suke ga sim ɗin kamfaninsu. Haka wadda aka yi don kasuwar Amurka, zangunan da take kamawa daban suke da na Turai da Afirka. Kada ka biya kuɗin 5G sai kamfaninka ya tabbatar maka yana watsa shi a unguwarku.

Me ake nufi da AC1200, AX3000, Wi-Fi 6 da Wi-Fi 7?

AC na nufin Wi-Fi 5, wanda ya fito a 2013. AX shi ne Wi-Fi 6 na 2019. BE shi ne Wi-Fi 7, wanda aka fara ba na'urori shaidarsa a Janairun 2024. Lambar kuwa tarin lissafi ce, megabit ɗin zangon 2.4 da na zangon 5 a haɗe: AC1200 jimlar 300 ne da 867, AX3000 jimlar 574 ne da 2402. Ba salular da za ta sami jimlar, don a zango ɗaya take zama, kuma ko wannan ɗin a takarda ne.

Ga gidan Maradi yau, Wi-Fi 6 mai lamba AX1800 ko AX3000 ta wadatar har da saura. Fifikonta ba a tseren sauri yake ba, yana wajen iya sallamar na'urori da yawa a lokaci guda ba tare da kowa ya jira ba. Wi-Fi 6E da Wi-Fi 7 suna amfana ne da zangon gigahaz 6, wanda sai tsadaddun saluloli ke kamawa. Yawancin Tecno, Itel da Infinix da ke hannun mutanen gida Wi-Fi 5 suke da shi, wasu ƙananan ma 2.4 kaɗai. PlayStation 5 tana da Wi-Fi 6. PlayStation 4 ta farko 2.4 kaɗai take kamawa. Abin da ba zan yafe wa rauta ba shi ne kafofin kebul masu megabit 100. A nemi rubutun gigabit.

Rautata tana nuna suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe. Wanne zan hau?

Wannan 5G ɗin gigahaz 5 ne na wifi, ba shi da alaƙa da 5G na kamfanin salula. Ya fi sauri, ya fi tsabta, amma bango yana kashe shi da wuri. Na 2.4 yana kai nesa, sai dai ya cika da cunkoso: wifin maƙwabta da Bluetooth duk a nan suke. Mai wasa da mai kallo su hau na 5 in suna kusa. Wanda ke zaure ko bayan gida ya hau 2.4, kuma a saita masa tasha ta 1, ta 6 ko ta 11, don su ukun nan ne ba sa hawa kan juna.

A ina zan ajiye ta? Kuma gidanmu babba ne, ɗakuna a warwatse.

A sama, a tsakiyar gida, a fili. Ba a bayan talabijin ba, ba cikin kabad ɗin ƙarfe ba, ba a ƙasa kusa da randa ba, don ruwa da ƙarfe duk suna shanye wifi. Ginin ƙasa mai kauri da bulon siminti mai rodi suna tare shi sosai, ƙofar ƙarfe kuwa in ta rufe kusan ta yanke shi. Rauta mai sim tana da buƙata ta biyu, wato ta ga turken rezo, don haka kusa da tagar da ke fuskantarsa ya fi mata. In wurin da rezo ya fi kyau ba shi ne tsakiyar gida ba, bar akwatin sim a taga, ka ja kebul zuwa rauta ta biyu a tsakiya.

Gidan da ke da sashen maigida, ɗakunan mata a zagaye da tsakar gida, da ɗakin samari a bakin zaure, ba rauta ɗaya da za ta game shi, komai yawan ƙahoninta. Maganin shi ne kebul Cat5e ko Cat6, wanda ke ɗaukar gigabit har tsawon mita 100, da ƙaramar rauta a kowane sashe. A sa kebul ɗin cikin tiyo in zai ratsa rana. Ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a soket don ta maimaita wifi takan raba sauri biyu, ta kuma ƙara jinkiri. Ta isa WhatsApp, ba ta isa wasa ba. Tsarin mesh, mai akwatuna biyu ko uku masu suna ɗaya, yana da daɗi, amma shi ma sai an haɗa akwatunan da kebul yake nuna ƙarfinsa a irin gine-ginenmu.

Speedtest yana ba ni sauri mai kyau, amma wasa yana sarƙewa. Me ya sa?

Wasa ba sauri yake nema ba. Free Fire, PUBG Mobile ko eFootball ba su cika cin megabit 1 a sakan ba lokacin da ake buga su. Abin da suke nema shi ne ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je kwamfutar kamfanin wasan ya dawo, kuma ya tsaya daram, kada ya yi ta tsalle. Ping mai 110 wanda ba ya motsi ya fi daɗin wasa a kan wanda ke yawo tsakanin 70 da 300.

Akwai ɓangaren da ba rautar da za ta taɓa shi. Manyan kwamfutocin wasannin nan a Turai, Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Kudu suke. Haske a cikin fiba yana tafiyar kilomita kusan 200,000 a sakan, kuma daga Maradi zuwa Paris kusan kilomita 4,000 ne a miƙe, wato zuwa da dawowa milisakan 40 ke nan ko da an shimfiɗa kebul ɗin ta cikin Sahara ba lanƙwasa. A zahiri Nijar ba ta da teku, saƙo yakan bi ta ƙasashen maƙwabta zuwa gaɓa kafin ya shiga kebul ɗin ƙarƙashin ruwa, ga kuma abin da 4G ke ƙarawa. Duk wanda ya ce maka akwatinsa zai ba ka ping 20 zuwa Turai daga Ali Ɗan Sofo, ba gaskiya ya faɗa maka ba.

Ɓangaren da ke hannunka shi ne tsallen. Sau da yawa daga cikin gida yake tasowa, kuma tambayoyi biyu na gaba a kansa suke.

Rautar da aka rubuta wa “ta ƴan wasa” ta cancanci kuɗinta?

Fitilu masu launi da jan fenti ba sa rage ping. Abu ɗaya ne a cikin irin waɗannan rautoci ya cancanci a biya dominsa: iya tsara layi. Ka lura da lokacin da wasanka ke lalacewa. Ƙanwarka ta fara ɗora bidiyo a TikTok, ko salular Baba ta shiga kwashe hotuna zuwa Google Photos, nan take ping ya tashi daga 100 zuwa 600. Hanyar fita ce ta cika, ƙananan saƙonnin wasanka suka maƙale a bayan manyan kaya, kamar ɗan kabu-kabu da ya tsaya bayan jerin manyan motoci a shingen Ɗan Isa, ga shi ƙarami amma ba ta inda zai ratsa.

Tsarin da ke magance wannan ana kiransa SQM, kuma dabarunsa biyu da aka fi sani su ne fq_codel da CAKE. Yana riƙe saurin gida kaɗan ƙasa da iyakar layin, ya riƙa ba ƙananan saƙonni hanya. Ana samunsa a duk rautar da ke ɗaukar OpenWrt, manhajar da ake sa wa rauta a madadin ta masana'anta, a rautocin GL.iNet da aka gina bisa ita, a MikroTik mai RouterOS 7, da wasu ASUS in an sa musu Asuswrt-Merlin. Ana saita shi a kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na saurin da ka auna. A kan sim, inda sauri ke hawa da sauka, ɗauki lambar da ka samu da dare, ba ta hantsi ba. Za ka rasa ɗan sauri a Speedtest, amma wasa da kiran bidiyo za su daidaita. Don ka san ko kana da wannan ciwo, shafin Waveform yana da gwajin da ke ba layi maki daga A zuwa F. Rauta mai matsakaicin kuɗi da ke da SQM ta fi mini mai tsada da ba ta da shi nesa ba kusa ba.

Kebul ko wifi?

Kebul, ga duk abin da ba ya motsi: PlayStation, kwamfuta, talabijin. Mai ɗakin wasa kada ma ya tsaya tunani. Wannan yana kuma sauke wa wifi nauyi, masu salula su sami sarari.

PlayStation tana nuna mini NAT Type 3. Rauta ce ta jawo?

NAT Type 3 na nufin haɗinka a takure yake, yana wahalar haɗuwa da wasu ƴan wasa. Galibi ba rauta ce ta jawo ba. Kamfanonin salula suna haɗa kwastomomi masu yawa a kan adireshin intanet guda, tsarin da ake kira CGNAT, kuma Starlink ma haka yake yi a tsarinsa na gida. Shiga shafin saitin rautarka ka duba adireshin da kamfani ya ba ta. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, kana bayan wannan tsari, kuma buɗe kafofi a rautarka ba zai sauya komai ba. Sai dai ka tambayi kamfanin ko yana ba da adireshi naka kai kaɗai.

Abin da kake iya gyarawa shi ne in ka jera rauta biyu, kowace tana nata rabon adireshi. Ka mai da ta farko gada kawai, wato ta miƙa intanet ba tare da rabon adireshi ba, in tana da wannan zaɓi, ko ka mai da ta biyu mai watsa wifi zalla. Rautar Starlink tana da irin wannan zaɓi a manhajarta. Ka kuma lura, ƙarni na biyu na rautar Starlink ba shi da kafar kebul sai an sayi ƙarin mahaɗi, na uku kuwa yana da biyu.

Don kallon ƙwallo da fina-finai, sauri nawa ya isa?

Netflix yana neman megabit 5 don hoto mai 1080p, da 15 don 4K. YouTube yana neman 2.5 don 720p, 5 don 1080p, 20 don 4K. Wannan na allo ɗaya ne, sai ka ninka da yawan masu kallo a lokaci guda. Kowace rauta ta zamani tana ɗaukar wannan. Inda ake shan wuya shi ne forfe: megabit 5 a sakan na tsawon awa ɗaya jiga 2 ne da kwata, wasan ƙwallo guda ya haura jiga 3. Talabijin mai 4K in an bar shi ya zaɓa da kansa yana iya cin jiga 7 a awa. Don haka ka nemi rautar da ke nuna abin da kowace na'ura ta ci, wadda kuma ke iya sa wa kowace iyaka. A salula, 480p ko 720p ya isa ido. Ka tambayi kamfani ko forfen da ya ce ba iyaka yana rage sauri bayan an kai wani adadi.

Yaya zan yi da ɗaukewar kuran, zafi da tsawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mu, kuma ba kwalin da ke maganarta. Kuran ɗin Maradi ya dogara ƙwarai da layin da ke tasowa daga Katsina ta Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda aka sha bayan Najeriya ta yanke shi a Agustan 2023. Sa'ar da aka yi, rauta ba ta da ci: yawancinsu volt 12 ne, wat 6 zuwa 15. Ƙaramin batirin rauta da ake sayarwa, mai fitar da volt 12 kai tsaye, yana riƙe ta awoyi, kuma ba ta mutuwa a daidai lokacin da kuran ya tafi, don haka wasa ba ya yankewa. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 7 yana ɗauke da wat-awa 84, wato wajen awa 8 a takarda ga rauta mai wat 10, a aikace ƙasa da haka. Kada ka haɗa ta kai tsaye da batirin panno ba tare da na'urar daidaita wuta ba, don yana haura volt 14 lokacin da yake caji. Ka kuma karanta jikin cajar: ta ce tana karɓar volt 100 zuwa 240, kuma volt ɗin da take fitarwa ya yi daidai da na rautar.

Yawancin rautocin gida an yi su ne su yi aiki har digiri 40. A Afrilu da Mayu iskar waje ma tana wuce haka, balle ɗaki mai rufin kwano da azahar. Ɗora tafin hannunka a bisa akwatin: in ba ka iya barinsa, ita ma tana wahala, kuma za ka ga tana rage sauri ko tana kashe kanta tana tashi. Ɗaga ta daga bisa dikoda, cire mata ƙyallen da aka lulluɓa don ƙura, a bar iska ta ratsa ƙarƙashinta. Ƙaramar fanka ta USB tana yin aiki. Bayan hunturu a hure ƙurar da ta toshe ramukanta. Da damina kuwa, in hadari ya taso da walƙiya, zare caja da kebul ɗin eriyar waje, don ta nan tsawa ke shigowa.

Maƙwabta sun san kod ɗina. Yaya zan yi ba tare da ɓata zumunci ba?

Tun daga Android 10, duk wanda ka ba kod yana iya nuna shi ga wani ta hoton QR, shi ya sa kod ɗin da ka ba mutum ɗaya yake zagaye fada kafin magariba. Toshe saluloli ɗaya bayan ɗaya ba ya ɗorewa, don sababbin saluloli suna sauya lambar da rauta ke gane su da ita. Ɓoye sunan wifi ma ba kariya ba ce. Abin da ke aiki shi ne wifin baƙi: suna daban, kod daban, an sa masa iyakar sauri, kuma wanda ke kansa ba ya ganin na'urorin gidanka. Maƙwabci yana da haƙƙi, kuma ba daɗi ka ce wa ɗan maƙwabcinka a'a. Ba shi na baƙi, ka riƙa sauya shi lokaci-lokaci, na gida kuwa ya tsaya ga mutanen gida.

Kada lambar salula ta zama kod. Lambobinmu na Nijar takwas ne, kuma kwamfuta tana iya gwada duk lambobi masu takwas cikin ɗan lokaci. Haɗa kalmomi uku ko huɗu marasa alaƙa, su kai haruffa 12 ko fiye. A tsarin kulle wifi, zaɓi WPA3, wanda ya fito a 2018, ko WPA2 mai AES in akwai tsoffin na'urori a gidan. Kashe WPS, hanyar hawa wifi ba tare da rubuta kod ɗinsa ba, wanda aka gano rauninsa tun 2011. Sannan akwai kod na biyu da mutane ke mantawa, na shiga shafin saiti, wanda ake samu a 192.168.0.1, 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a Huawei. In har yanzu admin ne, duk wanda ya hau wifinka yana iya karɓe rautar gaba ɗaya.

Ni uwa ce. Zan iya taƙaita abin da yarana ke gani, da lokacin da suke hawa?

Ƙwarai, Hajiya. Nemi rautar da ke da tsarin kulawar iyaye, inda za ki ce salular wane ta daina samun intanet daga ƙarfe 10 na dare zuwa safe. Don toshe shafukan batsa, a sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3 a gurbin DNS na rautar, wato tsarin da ke nemo adireshin shafuka. Na kamfanin Cloudflare ne, kyauta. Ki sani dai ba ya tace abin da ke cikin TikTok ko YouTube, kuma yaron da ya sayi nasa forfe ya fita daga hannun rauta. Kod ɗin shafin saiti da aka yi maganarsa a sama ya zauna a wurinki.

Mai rauta ko kamfani yana ganin abin da nake yi? VPN zai kare ni?

Suna iya ganin sunayen shafukan da ka shiga, da lokaci, da yawan abin da ka ci. Ba sa ganin abin da ke cikin shafin da ke da https, kuma saƙonnin WhatsApp a rufe suke daga salula zuwa salula tun 2016. VPN, wato manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta rufaffiyar hanya zuwa kwamfutar wani kamfani, yana ɓoye sunayen shafukan daga gare su, amma ya miƙa su ga kamfanin VPN ɗin, don haka amana ce ka sauya wa hannu. Na kyauta da ba a san mai shi ba ina tsoronsa fiye da rashinsa.

In kana son VPN a kan rauta don ya rufe duk gidan, nemi mai nau'in VPN da ake kira WireGuard. Ya fi OpenVPN sauƙi ga ƙaramar ƙwaƙwalwar rauta nesa. Ta kuma zama mai barinka ka zaɓi na'urorin da za su bi ta cikinsa, don VPN yakan ƙara ping, kuma wasu manhajojin banki da na kallo suna ƙin sa. Na'urar wasa a bar ta waje.

Me ya sa ake cewa a sabunta manhajar cikin rauta?

Don rauta ƙaramar kwamfuta ce da ke kunne dare da rana a ƙofar duk na'urorinka. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗimbin rautoci da kyamarori ta hanyar gwada kod ɗin da suka fito da shi daga masana'anta. Kafin ka saya, shiga shafin kamfanin ka nemi samfurin, ka ga yaushe aka fitar masa da sabuntawa ta ƙarshe. In an shekara biyu ko uku ba komai, an bar shi ke nan. Rautar da ba ta da sunan kamfani ko shafi ba ta da mai gyara ta. Bayan ka saya, kunna sabuntawa ta kai da kai, ka kashe zaɓin sarrafa ta daga nesa.

Haka ƙananan akwatunan Android masu arha da ake haɗawa da talabijin. A Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu irinsu suna zuwa da muguwar manhaja mai suna BADBOX tun kafin a saye su. In kana da irinsa, sa shi a wifin baƙi, nesa da salular da kake aika kuɗi da ita.

Na shirya saye. Me zan gwada a shago, musamman in ta hannu ce?

Je da sim ɗinka, in da hali na kamfani biyu, ka ce wa mai shago: “Alhaji, a kunna mini ita in gani.” Ta kama 4G da sim ɗinka, ba nasa ba. Duba ko salularka tana ganin zangon gigahaz 5. Shiga shafin saiti da kanka ka nemi wifin baƙi, iyakar sauri da WPA3. Lambar samfurin da ke ƙarƙashin akwatin ta yi daidai da ta kwali, har da lambar ƙarni, V1 ko V2, don wani lokaci suna ɗaya ne amma kayan ciki daban, kuma mai son sa OpenWrt dole ya duba wannan lamba a jerin na'urorin da take ɗauka. In cajar mai baki uku ce irin ta Najeriya, a haɗa maka da mahaɗin soket mai kama da kyau.

Ta hannu kuwa, a bar ta kunne na wani lokaci a ga ko za ta yi zafi ta mutu, a gwada kowace kafar kebul, don tsawa takan ƙona ɗaya ta bar sauran. Da ka isa gida, danna ƙaramin maɓallin baya da tsinke har fitilu su ɗauke, ta koma yadda ta fito daga masana'anta, sannan ka sabunta manhajarta kafin kowa ya hau. Ku kuma yi magana da mai shagon tun a wurin cewa in rezon unguwarku ya ƙi ta, za ka mai da ita a sauya maka.